ƘARAMAR HUKUMA: YADDA AKE YANKE SHAWARA A SAKATARIYA, DA NAUYIN DA YA HAU KANMU MAZAUNA BIRNI

Jawabin da baƙo mai jawabi ya gabatar a taron shekara-shekara na wannan ƙungiya

 



GABATARWA

Ina godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ga dacewar in tsaya a gabanku, alhali a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni ilimi da shekaru. An nemi in yi magana a kan ayyukan yau da kullum na ƙaramar hukuma da yadda ake yanke shawara a cikinta. Na san wani zai ce wannan ƙaramin batu ne, domin mun saba tattauna siyasar Abuja da ta Dutse. To amma kwalbatin da ya karye a hanyar ƙauyenmu, da famfon da ya shekara ba ya kawo ruwa, da rumfar da aka ba wani a kasuwa aka hana wani, duk a sakatariya ake yanke maganarsu. Mu kuwa da yawanmu ba ma taka ƙafa a can sai ranar da yaro zai shiga jami'a ko zai nemi aiki, mu je karɓar takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, mu juyo.

Zan taƙaita maganata a kan yankinmu na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi da ke ƙarƙashin Masarautar Kazaure, da kuma maƙwabciyarmu Babura ta Masarautar Ringim.

DAGA EN'E ZUWA ƘARAMAR HUKUMA

Mulkin gari ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Masarautar Kazaure ta samo asali ne tun 1819 a hannun Ɗantunku, kuma tun daga wancan zamani ake da sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Da Turawa suka zo sai suka ɗora mulkinsu a kan wannan tsari, aka sami Hukumar En'e mai baitulmali da alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Dattawan da ke nan sun san zamanin da haraji da jangali su ne ƙashin bayan baitulmali, sun kuma san tsoron da duba-gari yake sa wa matan gida idan ya leƙa randa.

A shekarar 1976 gwamnatin soja ta yi wa tsarin garambawul, ta mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati, masu fasali iri ɗaya a duk faɗin Najeriya, sarakuna kuma suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin. Talaka ya sami sauƙi ƙwarai, sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta ƙara dogara ga kuɗin da ke zuwa daga sama, kuma wanda ba da kuɗinsa ake aiki ba yakan yi sakaci da tambayar inda suka tafi. A 1991 aka raba majalisar kansiloli da ɓangaren zartarwa na ciyaman, a ranar 27 ga Agusta na wannan shekara kuma aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Zuwa 1996 adadin ƙananan hukumomi ya kai 774 a ƙasa baki ɗaya, 27 daga cikinsu a jiharmu.

ABIN DA DOKA TA ƊORA MATA

Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙaramar hukuma, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukanta. Daga ciki akwai kula da kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu da bayan gida na jama'a, gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi, kwashe shara, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasin kekuna da amalanke, da sa ido a kan shaguna, gidajen abinci da gidajen burodi. Sannan tana da hannu tare da gwamnatin jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, da harkar noma, da kiwon lafiya.

Har ila yau, Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar fili ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke sayen gonaki a gida muna barin su da takardar ciniki kawai. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, an tsara ya ratsa ta Kazaure. Babura kuma ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a wannan shekarar, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ta daɗe a Kazaure. Duk inda irin waɗannan suka sauka, darajar fili takan tashi, rigimar fili kuma takan biyo baya.

SU WANE NE A SAKATARIYA?

Mutanen sakatariya kashi uku ne. Na farko ɓangaren zartarwa: ciyaman da mataimakinsa, da sakatare, da kansilolin naɗi da ke kula da sassa. Na biyu majalisar zaɓaɓɓun kansiloli, kowace mazaɓa da kansilanta, daga cikin mazaɓu 287 da ke jihar. Kansilan Kanti ko na Dandi a Kazaure, na Amaryawa a Roni, na Korayel a Gwiwa, na Karkarna a 'Yankwashi, na Kanya a Babura, kowannensu yana da kujera da ƙuri'a a majalisarsa. Aikinsu shi ne yin dokokin ƙaramar hukuma, duba kasafin kuɗi, da bin diddigin abin da ɓangaren zartarwa ya yi.

Kashi na uku su ne ma'aikatan dindindin, waɗanda ciyaman yakan zo ya same su ya kuma tafi ya bar su: daraktan mulki, ma'aji, odita na cikin gida, da shugabannin sassan ayyuka, noma, lafiya, walwalar jama'a, da tsare-tsare. Manyansu suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, ita ke ƙara musu girma, ita ke yi musu canjin wurin aiki. Wanda bai san waɗannan mutane ba, bai san ƙaramar hukuma ba, domin ko ciyaman ya sa hannu a takarda, ba ta zama kuɗi sai ta bi ta teburinsu.

A gefe guda kuma ga hakimi da dagatai da masu unguwanni. Ba su da ƙuri'a a majalisa, amma da wuya a yi allurar rigakafi, ko rabon taki, ko sulhun manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, ba tare da su ba. Da su ake zaman kwamitin tsaro tare da baturen 'yan sanda da sauran jami'ai.

TAFIYAR TAKARDA GUDA

Don mu fahimci yadda ake yanke shawara, bari mu bi takarda guda daga farkonta zuwa ƙarshenta. Mu ƙaddara ruwan damina ya cinye kwalbatin da ke haɗa wani ƙauye da hanyar kasuwa, amalanke ba ta wucewa, mai naƙuda sai an ɗauke ta a ka an tsallaka da ita.

Mataki na farko, mutanen ƙauyen su rubuta takardar koke zuwa ga ciyaman, dagaci ya sa hannu, kansila ya kai. A nan ne ƙauyuka da yawa suke yin asara tun ba a je ko'ina ba, domin sukan tare ciyaman a wurin ɗaurin aure ko jana'iza su faɗa masa da baki, ya ce in Allah Ya yarda za a duba. Maganar baki ba ta da fayil. Takardar da aka karɓa a rajista, aka buga mata hatimi da kwanan wata, ita ce ake iya nema bayan wata shida a tambayi inda ta kwana.

Mataki na biyu, ciyaman ya tura takardar sashen ayyuka, injiniya ya je ya auna, ya ƙiyasta siminti da rodi da tsakuwa da ladan ma'aikata. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace nauyi: shin akwai wannan aiki a kasafin kuɗin bana? Idan babu gurbinsa, to sai dai a jira baɗi, ko a nemi ƙarin kasafi, ko a ɗauke shi a matsayin aikin gaggawa. Shi ya sa nake cewa watannin ƙarshen shekara, lokacin da sassa ke tattara buƙatunsu ana harhaɗa kasafi, sun fi ranar ƙaddamar da aiki muhimmanci. A Jigawa an saba gabatar da kasafin ƙananan hukumomi 27 ga Majalisar Dokoki ta jiha tare da na gwamnatin jiha. Ƙauyen da bai shigar da kokensa kafin a rufe wannan littafi ba, ya makara da shekara guda.

Mataki na uku shi ne amincewa. Bisa ƙa'idar aiki da aka daɗe a kanta, ciyaman yana da iyakar kuɗin da zai iya amincewa shi kaɗai. Abin da ya haura wannan sai an kai zaman kwamitin kuɗi da al'amuran yau da kullum, inda ciyaman da muƙarrabansa da manyan ma'aikata suke duba takardu ɗaya bayan ɗaya. A wannan zama ne kwalbatin namu zai yi gogayya da gyaran rufin wani aji, da maganin wani ƙaramin asibiti, da gyaran motar ofis. Duk abin da aka zartar ana rubuta shi a littafin bayanin zama, kuma wannan littafi shi ne hujja.

Mataki na huɗu, a ba da kwangila ko a yi aikin da ma'aikatan hukuma kai tsaye. Jiharmu tana da hukumar tantance kwangila da bin diddigin ayyuka, wadda aka kafa don a tabbatar farashi bai wuce kima ba kuma an yi abin da aka biya. Idan an gama, injiniya ya ba da takardar shaidar kammalawa, a rubuta baucar biya, odita na cikin gida ya duba, ma'aji da daraktan mulki su sa hannu. A ƙarshen shekara kuma Babban Odita na Ƙananan Hukumomi ya binciki littattafan, ya kai rahotonsa Majalisar Dokoki.

Jama'a, kun ga ashe ƙofofi da yawa takarda take bi. An yi su ne don kare dukiyar jama'a, amma kowace ƙofa tana iya zama wurin da takarda za ta yi barci idan babu mai bibiyarta. Kuma idan injiniya ya sa hannu a kan aikin da bai je ya gani ba, odita ya kau da kai, kansila ya yi shiru saboda an ba shi nasa ɗan aikin, to kwalbatin zai tsaya a cikin fayil sumul, a ƙauye kuwa rami ne. Ɓarna a ƙaramar hukuma ba kasafai take zuwa da ƙara ba. Da kaɗan-kaɗan take shiga, a irin waɗannan zama da babu wanda ya damu ya san an yi su.

INA KUƊIN SUKE FITOWA, INA SUKE TAFIYA?

Babbar hanya ita ce kason wata-wata daga asusun tarayya, inda ƙananan hukumomi 774 suke raba kashi 20.60 cikin 100, jihohi 26.72, Gwamnatin Tarayya 52.68. Suna kuma da kashi 35 cikin 100 na harajin kayan masarufi. Wajen raba musu ana duba daidaito, da yawan jama'a, da girman ƙasa, da buƙatun ilimi da lafiya, da kuma ƙoƙarin da kowace ta yi wajen tara kuɗin shiga na cikin gida. Wato rasit ɗin kasuwa da na tasha da na kwata yana da amfani biyu: kuɗi ne a hannu, kuma yana cikin ma'aunin rabo. Kuɗin da aka karɓa a bakin kasuwa ba rasit, an cuci gari sau biyu ke nan.

Kafin a zo kan ayyuka, sai an fitar da albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, da kason fansho, da na masarauta, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ta ƙara wannan nauyi, ko da yake kason da ake rabawa shi ma ya ƙaru a lissafin naira tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Saboda haka adalci shi ne, idan muka ga adadin da aka buga a jarida, mu tambayi nawa ya rage bayan an fitar da wajibai, sannan mu tambayi me aka yi da ragowar. Tambaya ta farko tana kare ciyaman daga zargin da bai ci ba, ta biyu kuma tana kare talaka.

HUKUNCIN KOTUN ƘOLI NA 2024

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda aka shekara da shekaru ana kuka da shi a faɗin ƙasar nan. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Sannan a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, inda ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi da shugabannin riƙon ƙwarya a madadin zaɓaɓɓu. Jigawa ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumominta a ranar 5 ga Oktoba, 2024. A shekarar da ta biyo bayan hukuncin an yi ta kai-komo a ƙasa a kan yadda za a aiwatar da shi, musamman batun buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, 'yancin kuɗi takobi ne mai kaifi biyu. Idan kuɗi suka ƙaru a sakatariya, masu sa ido ba su ƙaru ba, to an sauya wa ɓarna mazauni ne kawai, daga babban birni zuwa ƙofar gidanmu. Kotu ta yi nata. Ba za ta zo Roni ko Gwiwa ta duba ko an zuba rodi a kwalbati ba.

NAUYIN DA YA HAU KANMU

A cikin wannan ƙungiya akwai akantoci, injiniyoyi, lauyoyi, likitoci, malaman jami'a da 'yan kasuwa. Ilimin da yawancinmu muke ci da shi a birni, a makarantar firamare ta ƙaramar hukuma aka aza tubalinsa. Don haka ina ba da waɗannan shawarwari:

Na ɗaya, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti a kan kowace ƙaramar hukuma, wanda zai nemi kwafin kasafin kuɗi da rahoton Babban Odita duk shekara, ya fassara muhimman wuraren da Hausa, a buga a wannan mujalla. Waɗannan takardun jama'a ne, kuma ƙasar nan tana da Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011.

Na biyu, mu taimaki ƙauyukanmu su rubuta buƙatunsu a jere bisa muhimmanci, su miƙa kafin a rufe kasafi, mu kuma ajiye kwafi mai hatimi.

Na uku, injiniyoyinmu su ba da kwana ɗaya cikin hutun Sallah su zagaya ayyukan da aka ce an kammala. Inda aka yi da kyau a rubuta yabo, a buga. Inda aka gaza a rubuta wa ciyaman cikin ladabi, a ba kansila da hakimi kwafi.

Na huɗu, kafin mu gina aji ko asibiti ko mu haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinmu, mu zauna da sashen da abin ya shafa, a yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda zai turo malami ko ma'aikacin jinya, da wanda zai yi gyara idan ta lalace. Gini ba ma'aikaci, kango ne mai fenti. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022, kuma an kai ga haka ne saboda hukuma da sarakuna da jama'a sun ja igiya ɗaya. Riƙe wannan matsayi ma sai da irin wannan haɗin kai.

Na biyar, mu rage wa shugabanninmu nauyin buƙatun kanmu. Idan kowane babba daga birni ya aiko da takarda a ɗauki ƙaninsa aiki ko a ba shi kwangila, da wane baki za mu tambayi inda kuɗin magani suka shiga? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to kada mu zama mu ne yoyon.

Na shida, masu hali su mayar da rajistar zaɓensu gida, kuma mutanen kirki masu ilimi su daina raina kujerar kansila. Kujerar da muka raina ita ce take duba kasafin kuɗin garinmu.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, 'yan uwa, Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ciyaman da kansila da ma'aji 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, ba abokan gaba ba. Akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu da suke buƙatar su ga jama'a a bayansu kafin su iya cewa a'a ga mai matsa musu. Ina roƙon ƙungiya ta sa shawara ta ɗaya da ta biyu a cikin ƙudurorin wannan taro, a naɗa waɗanda za su ɗauki nauyinsu tun yau, domin idan Allah Ya kai mu taron baɗi mu ji rahoto.

Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Kazaure da Mai Martaba Sarkin Ringim. Allah Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.